Ƙaiƙayin Dubura Ya Hana Ni Barci, Kunya Ta Hana Ni Zuwa Asibiti

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya rubuto ta, don haka ina roƙon a sakaya sunana. Shekaruna 43, ina da mata da 'ya'ya uku, aikina kuma na zama ne, a kan kujera nake wuni. Kusan wata huɗu ke nan ina fama da ƙaiƙayi a dubura. Da rana yakan lafa, amma da zarar na kwanta sai ya taso, in yi ta susa har wurin ya ɗaye, da safe ruwa na taɓawa in ji raɗaɗi. Abokina ya ce basir ne, na sha maganin basir kala-kala ban ga canji ba. Yanzu duk shigata bayi sai na dirje wurin da sabulu da soso, wani lokaci har in ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan zafi in wanke. An ba ni wani man shafawa a kantin magani, satin farko ya yi mini kamar yankan wuƙa, na ci gaba da shafawa wajen wata biyu, yanzu ranar da ban shafa ba abin ya fi da muni. Na kuma ga ɗan jini ja a tishu fiye da sau ɗaya. Matata ta lura da susar da tabon da ke wandona na ciki, ta tambaya na basar. Yanzu ta fara ja da baya, na fahimci zargina take da kwaso ciwo a waje, alhali Allah ya sani ban taɓa ba. Ƙaramin ɗanmu mai shekara shida shi ma kwanan nan barcinsa rabi da rabi ne, yana ta sosa bayansa. Mahaifina ya yi fama da ciwon sukari. Kunya nake ji in je in tuɓe a gaban likita. Mene ne wannan, kuma yaya zan yi?

Mai neman mafita

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu, Allah ya ba ka lafiya, kai da yaron. Wata huɗu mutum bai samu barcin kirki ba, ga zargi a cikin ɗaki, ga ba wanda zai buɗe wa cikinsa, ai dole rai ya ƙuntata. Ka yi daidai da ka rubuto.

Ka fara da sanin cewa ba kai kaɗai ba ne. Likitoci na ƙiyasta cewa tsakanin mutum 1 zuwa 5 cikin kowane 100 suna fama da wannan ƙaiƙayi, ya fi kama maza fiye da mata, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 40 zuwa 60. Ka ga a tsakiyar layin kake. Abin da ya sa kake ganin kamar kai ɗaya ne, kowa ma ɓoyewa yake yi irin taka. Mafi yawan dalilansa ba masu haɗari ba ne, suna kuma jin magani. Sai dai akwai abu biyu a wasiƙarka da ba zan bari su wuce ba, wato jinin nan da kuma tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Su biyun sun isa su kai ka gaban likita cikin makon nan, zan kuma dawo kansu.

Abokinka da zuciya ɗaya ya faɗi abin da ya sani, domin da yawa duk wani motsi da suka ji a wannan wuri basir suke dora wa laifi. Gaskiya ne basir yana iya jawo ƙaiƙayi. Idan jijiyoyin jinin da ke bakin dubura suka kumbura, ƙofar ba ta rufuwa ruf, sai ɗan ruwa mai yauƙi ya riƙa tsattsafowa yana jiƙa fata, tsarki ma ya yi wuyar fita tas saboda tsiron. Amma shi ɗaya ne cikin dalilai masu yawa, ƙaiƙayi kuma alama ce da ke nuna akwai abin da ke damun fatar, ba ta faɗin ko mene ne. Wani abin takaici, da yawa daga cikin magungunan da ake sha da sunan basir saka gudawa suke yi. Bayan gida mai ruwa kuwa ya fi kowanne cin fatar wurin, ya kuma fi saurin zubowa ba da saninka ba. Ka dakatar da su haka nan.

Fatar da ke kewaye da dubura siririya ce, cike take da jijiyoyin ji, tana da lanƙwasa-lanƙwasa, kuma kullum a rufe take cikin ɗumi da gumi, balle ga wanda ke wuni a zaune. Bayan gida yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci da ƙwayoyin cuta, ɗan kaɗan da ido ba ya gani ya isa ya tayar da ƙaiƙayi in ya daɗe a kan fata. Wannan ne ya sa mutum ke ɗauka ƙazanta ce ta jawo masa, sai ya tashi haiƙan da wanki. A nan ne nake ganin ka fi cutar da kanka, ɗan'uwa, ba tare da ka yi niyya ba. Sabulu yana kwashe ɗan maiƙon da ke kare fatar, soso yana kankare ta, maganin kashe ƙwayoyin cutan da kake ɗigawa kuma ƙona ta yake yi. Ruwan zafi yana da daɗi a lokacin, na sani, yakan kashe ƙaiƙayin na 'yan mintoci, amma da ya huce fatar ta ƙara bushewa, ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfinsa.

Sai kuma susa. Duk sanda farce ya bi ta wurin yana barin ƙananan tsage, gumi da ragowar bayan gida su shiga, jijiyoyin su ƙara harzuƙa, hannu ya sake komawa. Da dare ba aiki ba hira, hankali duk ya tattaru a wurin, ga ɗumin shimfiɗa, wata susar ma cikin barci kake yin ta ba ka sani ba. Bayan makonni fatar takan yi kauri, ta yi fari-fari kamar tafin hannun da ya daɗe cikin ruwa, irin wannan fata kuma ita da kanta take ƙaiƙayi. Yana yiwuwa abin da ya fara tayar da matsalar wata huɗu da suka wuce tuni ya tafi, susa da wanki ne ke riƙe da ita har yau.

Man shafawar nan kuwa, yadda ka siffanta shi, sauƙi nan take sannan tsanani in an daina, halin man da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi ne. Ɗauko kwalin ka duba, in ka ga an rubuta kulobetasol ko betametazon to shi ne. Irin waɗannan suna danne kumburi da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake yabon su, amma a wuri mai siririyar fata kuma rufaffe suna shiga jiki sosai. Idan aka daɗe a kansu fatar tana sirancewa ta riƙa tsagewa da abu kaɗan, ƙwayoyin cuta dangin fumfuna kuma su samu filin yaɗuwa. Ko mai sauƙin cikinsu, haidirokotizon na kashi 1 cikin 100, ba a son a wuce mako ɗaya zuwa biyu ana shafa shi a nan sai da umarnin likita. Wata biyu ya yi yawa. Kada ka sake sayen wani in wannan ya ƙare. Ka tafi da kwalin asibiti, likita zai ga ko ka yanke shi lokaci guda ko ya sauko da kai a hankali zuwa mai sauƙi. Ka kuma sa a ranka cewa kwanakin farko bayan dainawa ƙaiƙayin zai ƙaru kafin ya sauka, kada hakan ya sa ka koma ruwa. Haka ma mayukan basir masu kashe zafi, musamman masu benzoken, wasu fatarsu ba ta karɓar su, sai maganin ya zama shi ne ciwon.

Yanzu bari mu zo kan yaron, domin layi ɗayan da ka rubuta a kansa ya fi ja mini hankali fiye da komai. Yaro ɗan shekara shida da ke sosa dubura da dare, barcinsa na yankewa, abin da ake fara zargi shi ne 'yar farar tsutsar ciki da ke zama a babban hanji. Ƙarama ce ƙwarai, tamatar ba ta wuce milimita 8 zuwa 13 ba, kamar guntun farin zare. Idan mutum ya yi barci jikinsa ya saki, sai ta rarrafo ta fito bakin dubura ta zuba dubban ƙwai a kan fata tare da wani abu mai danƙo, motsinta da danƙon nan su ne ke jawo ƙaiƙayin dare. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya nuna, yana iya kama wani. Yaro ya sosa, ƙwai ya maƙale a ƙarƙashin farce, hannu ya tafi baki ko ya taɓa abinci ko mariƙin ƙofa. A kan zanen gado da tawul da kayan wasa ƙwan yana iya rayuwa mako biyu zuwa uku. Da haka take zagaye gida, babba da yaro, ba ruwanta da tsabtar gidanku ko rashinta. Yara a makaranta suke kwaso ta daga juna.

Kana iya dubawa da kanka. Awa biyu zuwa uku bayan yaron ya yi barci, kai ko mahaifiyarsa ku haska wurin da tocila, sau da yawa za a ga tsutsar tana motsi. Wata hanyar kuma da asuba, kafin ya yi wanka ko ya zaga, a manna guntun salatif mai garai-garai a kan fatar a cire, a kai asibiti a duba da madubin likita. Ana so a maimaita safiya uku a jere. Gwajin bayan gida na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ta, domin a waje take zuba ƙwanta, saboda haka in an ce maka an gwada kashinsa ba a ga komai ba, magana ba ta ƙare ba.

Maganinta mai sauƙi ne, mebendazol ko albendazol, a sha sau ɗaya, sannan a sake sha bayan mako biyu. Karo na biyun nan shi mutane ke mantawa, shi ne kuwa mai muhimmanci, domin maganin tsutsa yake kashewa, ba ya kashe ƙwai. Duk gidan za ku sha a rana ɗaya, har wanda ba ya jin komai. In matarka na da juna biyu ko tana shayarwa, ko akwai yaron da bai kai shekara biyu ba, a tambayi likita tukuna. A makonni biyun nan kowa ya yanke farce, a riƙa wanka da safe don wanke ƙwan da aka zuba da dare, a sauya wandon ciki kullum, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi ba tare da an kakkaɓe su a ɗaki ba, kowa ya riƙe tawul ɗinsa, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayi. Kada a tsawata wa yaron a kan susa, ba iskanci ba ne, abin ya fi ƙarfinsa. Idan kuma kun duba kun ga kewayen duburarsa ya yi jajir, jan yana da iyaka a fili, yana kukan zafi in zai yi bayan gida, wannan wata ƙwayar cuta ce daban da ke kama yara, maganin tsutsa ba ya yi mata, sai an kai shi asibiti.

Ko da ta tabbata tsutsa ce ta fara tayar da matsalarka, kada ka ɗauka da ka haɗiye ƙwaya ɗaya shi ke nan. Fatar da ta sha wata huɗu na farce da sabulu tana buƙatar nata lokacin.

Ambaton ciwon sukarin mahaifinka ma ba a banza ya zo ba. Ciwon yana bin jini, kai kuma ka haura 40. Sukari in ya yi yawa a jiki, wata ƙwayar cuta dangin fumfuna da ake kira kandida takan yaɗu a wurare masu laima, matsematsi da dubura da kan mazakuta, wurin ya yi ja yana ɗan tsattsafo da ruwa, da ƙananan ƙuraje a gefe-gefe. Akwai waɗanda ta hanyar ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani aka gano suna da sukari. Ka lura ko kana yawan jin ƙishirwa, kana tashi fitsari da dare, ko kana ramewa. Ko ba ka ga ɗaya daga ciki ba, ka ce a gwada ka. Gwajin safe kafin a ci komai in ya nuna 126 ko sama da haka a ma'aunin miligiram, aka maimaita ya sake nunawa, to akwai ciwon. Shan antibayotik na tsawon lokaci ma yakan buɗe wa kandida ƙofa.

Sauran dalilan zan bi ta kansu da sauri, don su aikin idon likita ne. Akwai tsagewar bakin dubura, wadda ke sa mutum ya ji kamar ana yanka shi da reza lokacin bayan gida, ya ga jan jini a tishu. Akwai ƙaramar kafa da ke ɓullowa daga ciki zuwa fata tana yoyon mugunya, galibi bayan maruru. Akwai cututtukan fata irin su makero da kirci da borin jini daga turare ko jiƙaƙƙen tishun goge jiki, da ƙazuwa, wadda ita ma da dare take tashi ta kuma kama gida duka, sai dai ita za ka gan ta a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Wasu cututtukan da ake ɗauka ta jima'i suna fitar da tsiro ko gyambo a wurin. Ciwon hanta da na ƙoda suna sa ƙaiƙayi, amma nasu duk jiki ne. Da yawa kuma bayan an bincika ba a samun wata cuta a ƙasa, laima ce da susa kawai.

To, batun jini. Mafi kusa shi ne daga ɗayewar susa yake, ko tsagewa, ko basir. Amma ba a yanke wa jinin dubura hukunci da zato, ko da ɗigo ne, domin ciwon dajin hanji da na dubura su ma da haka suke sallama, kuma mutum na iya samun basir da wani abu daban a lokaci guda. Ba kasafai ake samun hakan ba, ban kuma faɗa don in ɗaga maka hankali ba, sai don wanda aka gano da wuri galibi yana warkewa. A Amurka tun 2021 aka sauko da shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45 ga kowa, ko ba ya jin komai, saboda an ga ciwon na ƙaruwa tsakanin waɗanda ba su manyanta ba. Kai da ke da 43 ga kuma jini, dubawa ta kama ka. Ka gaya wa likita in ka lura da ƙullutu ko tsiro, gyambon da ya ƙi warkewa, mugunya ko majina, canjin yanayin bayan gida da ya wuce mako uku, jin kamar ba ka gama ba bayan ka gama, rama ba dalili, yawan kasala, ko in an taɓa samun ciwon dajin hanji a danginku. Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su a gida. Kumburi mai zogi da zazzaɓi har zama ya gagara alamar maruru ce da ke buƙatar a fasa. Jini mai yawa ko gudaji, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, jiri ko ganin duhu-duhu, duk wannan asibiti ne a ranar. Ga wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ƙa'idar ita ce in ya gyara kulawa a gida mako biyu zuwa uku bai ga sauƙi ba, ya je. Kai ka wuce nan tuni.

Na san inda gizo ke saƙar, kunya. Ba zan ce maka ba komai ba ne, namiji mai iyali ya kwanta a duba masa wannan wuri da nauyi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in faɗa maka yadda ake yi, sau da yawa abin da mutum ke ƙiyastawa a ransa ya fi abin da ke faruwa muni. Likita zai fara da tambayoyi. Sannan ka kwanta a gefen hagu ka naɗe gwiwoyi, a rufe ka da mayafi, wurin kaɗai za a buɗe. Zai duba da ido, ya sa safar hannu da mai santsi ya taɓa ciki da yatsa ɗaya, wani lokaci ya sa ɗan gajeren bututu mai haske don ganin basir. Duka 'yan mintoci ne, kuma in ka ji zafi ka faɗa zai dakata. Yana iya ɗaukar ɗan samfuri daga fatar, ya tura ka gwajin jini, in ya ga dalili ya tura ka a leƙa hanjin da na'ura. Kana da damar cewa likita namiji kake so. Shi wannan aikinsa ne na kullum, kafin ka kai bakin ƙofa hankalinsa ya koma kan na bayanka, sirrinka kuma amana ce a wuyansa. In bakinka zai yi nauyi, rubuta a takarda ka miƙa masa: ƙaiƙayin dubura wata huɗu, ya fi da dare, da ɗan jini, ɗana ma yana yi. Daga nan shi zai ja zancen. In ganin likita zai ɗauki kwanaki, ƙwararren mai harhaɗa magunguna zai iya ba ku maganin tsutsa ku fara, amma hakan bai ɗauke maka zuwa a duba jinin nan ba.

Uwargida kuma, ka tsaya ka dubi abin ta wajenta. Ta ga mijinta yana susa a ɓoye, ta ga tabo a wandonsa, ta ga man shafawar da ba a ce mata komai a kansa ba, ta tambaya an kau da kai. Me kake so ta ɗauka? Ba ƙaiƙayin ne ya haifar da zargin ba, shirunka ne. Ja da bayanta ma tsoron lafiyarta ne, tana da haƙƙin hakan. Na karɓi maganarka cewa ba ka taɓa ba, amma ita ba a gaya mata komai ba balle ta karɓa. Ka samu lokacin da yara suka kwanta, ka fara da ba ta haƙuri kan basarwar da ka yi, ka ce kunya ce ta hana ka, sannan ka faɗa mata kamar yadda ka faɗa mini. Ka kawo maganar yaron, don wataƙila ta riga ka lura. Ka ce ta raka ka asibiti in tana so, ka kuma nemi a haɗa da gwajin cututtukan jima'i da bakinka, ka nuna mata sakamakon. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci, takarda ɗaya za ta yi abin da rantsuwa goma ba za ta yi ba. Dama ba yadda za a yi a sha maganin tsutsa gida duka, a bi zannuwa da faratan yara, ba tare da ita ba. In ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta sake, ka yi mata uzuri, wata huɗu ta yi tana saƙe-saƙe ita kaɗai.

Abin da za ka fara daga daren yau ba ya buƙatar sayen wani abin kirki. Tsarki da ruwa zalla, mai ɗumi kaɗan ko mai sanyi, da hannu a hankali, ba sabulu, ba soso, ba ɗige-ɗige. Bayan nan ka busar da wurin, wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi. Ka dangwala tawul mai laushi ko tishu marar turare, kada ka goga, kada kuma ka mayar da wando a kan jiƙaƙƙiyar fata. In ya bushe ka shafa ɗan basilin marar turare ko man zink, shafa ɗaya siririya, don ya shiga tsakanin fata da danshi. In ka lura bayan ka fito da ɗan lokaci wani abu na sake tsattsafowa, koma ka ɗauraye, kana iya sa ɗan guntun auduga a tsakani ka riƙa sauyawa. Wandon ciki ya zama na auduga mai sakin jiki, in ya jiƙe da gumi a sauya, a kuma ɗauraye shi sosai kada sabulun wanki ya rage a ciki. A wurin aiki ka riƙa miƙewa duk bayan awa guda ko da na minti biyu ne.

In ƙaiƙayin ya taso da dare, maimakon farce ka danna wurin da tafin hannu ta saman wando, ko ka ɗora tsumma mai tsabta da ka jiƙa da ruwan sanyi na 'yan mintoci, sannan ka busar. Yanke faratanka ƙasa-ƙasa. Likita na iya ba ka maganin ƙaiƙayi mai sa barci na 'yan kwanaki don a karya susar dare, sai dai ka kula da tuƙi washegari.

Bayan gidanka kuma ana so ya zama mai laushi amma a dunƙule, ba tauri ba ruwa. Ganyaye da wake da 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a cire masa dusa ba su ke kawo haka, tare da isasshen ruwan sha, ka ƙara su sannu a hankali don kada ciki ya kumbura. Ban da dogon yunƙuri, ban da zama a bayi da waya a hannu. Wasu abubuwan ci da sha suna tsananta ƙaiƙayin ga wasu mutane, kofi ne kan gaba don yana sassauta ƙofar dubura, sai shayi, lemon kwalba mai kafeyin, cakulan, barkono, tumatir, lemon zaƙi da na tsami, giya, wasu har madara. Ba cewa na yi ka haramta wa kanka su duka har abada ba. Ka ajiye waɗanda ka fi yawan amfani da su na mako biyu, sannan ka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan kwanaki, wanda ya tayar da abin za ka gane shi. In ba ka ga bambanci ba ka ci abinka.

Yawanci ana fara jin sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu, fatar da ta yi kauri kuma takan ɗauki wata ɗaya ko fiye kafin ta koma daidai. In an yi duk wannan abin ya ƙi, ka nemi a tura ka wurin likitan fata ko likitan tiyatar hanji. Suna iya yankar ɗan ƙanƙanin fata a gwada, ko su binciko abin da fatarka ba ta so, suna kuma da wasu hanyoyi na musamman, har da wani mai da aka haɗa da ɗan mitsitsin sinadarin barkono da wata allurar shuɗin ruwa da ke kwantar da jijiyoyin wurin. Na ambaci barkono ne don ka san akwai sauran dabaru a hannunsu, kada wani ya ji ya ce zai gwada na kicin.

Ranar da za ka je, kada ka shafa komai a wurin tun daga daren, don likita ya ga fatar yadda take. Ka tafi da kwalin man da ragowar magungunan basir ɗin, ka tafi da yaron a duba ku tare, kuma ka je da safe ba ka karya ba saboda gwajin sukari. In sakamako ya fito ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi. Allah ya ƙara sauƙi, ka gaida uwargida da yara.